Cigiyar Dogon Rumbu

Daren jiya wani mafarki ya zo ya ɗauke ni, ko mayafi bai bari na zaɓa ba. Sai gani na yi ina tsaye a tashar motar Ringim da hantsi, silifa ƙafa ɗaya nawa, ƙafa ɗaya na Malam maigidana, wayata a hannu. Ruwan gishiri ya cika tashar har gwiwa, amma ba wanda ya damu. Mai rake yana ta fere, baronsa na yawo a saman ruwa yana binsa a hankali.

Bari in gaya muku abin da ya fito da ni, don kada ku ce tsohuwa ta fara zautuwa.

Ina da wani yaro. Na fari ne, don haka kun san sauran zancen. Shekara talatin da ɗaya ban taɓa kama sunansa ba, ban taɓa tambayar lafiyarsa a gaban mutane ba. Surukata Inna, Allah ya jiƙanta, ita ta yaye shi ta riƙe, shi kuma Yaya yake ce min, yadda ya ji ƙannena suna faɗa. Yanzu injiniya ne a jirgin ruwa, irin mai ɗaukar kaya a zube, alkama ko taki ko gawayi, ba buhu ba kwali. Ranar da zai tafi ya ɗauki wayata ya yi 'yan danne-danne, ya ajiye a kan tabarma, sannan ya fuskanci mahaifinsa ya ɗaga murya ya ce, "Baba, in akwai wani a gidan nan da ke son sanin inda jirgi yake, koriyar kibiyar nan mu ne." Ni kuwa na ci gaba da tsintar shinkafata kamar ba da ni ake ba.

Tun daga ranar nake dubawa, sau goma a wuni. Ba shi nake dubawa ba. Jirgi nake dubawa. Sunan jirgin na Girkawa ne, harshena ya ƙi ɗauka, sai na raɗa masa Dogon Rumbu. Wannan karon alkama suka ɗebo daga Ajantina za su Legas. Ya gaya wa Malam cewa a tsakiyar teku kibiyar takan tsaya kwana biyar ko shida, don babu sabis. Yau kwana tara tana wuri ɗaya.

To a tashar nan sai na ji kwandasta yana ƙwala kira, "Teku! Teku! Saura mutum ɗaya!" Na shiga. Motar ba ta motsa ba, tashar ce ta ja baya ta tafi.

Sai ga ni a wani ofis. A jikin ƙofa an rubuta Ofishin Cigiya, Ruwa da Tudu. Wata zabuwa mai tabarau tana zaune a bayan tebur tana buga keken rubutu da baki.

"Baiwar Allah, me ya ɓata?"

"Jirgi."

"Na sama, na ƙasa, ko na ruwa?"

"Na ruwa."

"Da igiya a wuyansa?"

"Da sarƙa."

"Faɗi kamanninsa."

Nan fa bakina ya buɗe. Ni da nake zaune a gidan da ba na kama sunan miji, ba na kama na suruka, ba na kama na ɗa, aka tambaye ni abin da ba kunya a cikinsa.

Na ce, "Tsawonsa mita ɗari da casa'in. Faɗinsa talatin da biyu. In ya ƙoshi yana nutsewa mita goma sha biyu da ɗoriya, in yunwa yake ji sai ki ga jan cikinsa a waje. Rumbuna biyar gare shi, kowanne da murfinsa. Injin ɗaga kaya huɗu a jere a gadon bayansa. Tan dubu hamsin da takwas yake ci a zama ɗaya. A Japan aka haife shi, shekara goma sha uku ke nan. Tutar Panama yake ɗaurawa, ko da yake na ji an ce bai taɓa zuwa gaishe su ba."

"Gudu fa?"

"A Daidaita Sahu ta fi shi sauri. Sai dai shi ba ya tsayawa ɗaukar fasinja."

Zabuwar ta zare tabarau ta goge da fiffike. "Shekarata goma a kujerar nan, ban taɓa ganin wadda ta san dabbarta haka ba. Akwai wani naki a ciki?"

"Mutum ashirin da biyu ne a ciki."

"Naki nake tambaya."

"Akwai dai wani yaro."

"Sunansa?"

Na dubi silin. Silin ɗin ma ya dube ni.

"Ɗan gidan Malam ne," na ce.

"Ke ya sunanki?"

"Hansai."

"Kin ga, ba wuya. To shi fa?"

Na shiga gyara ɗaurin ɗankwalina, wanda ba abin da ya same shi.

Ta yi tsaki irin na ma'aikata, ta zare takardar. "Shi ke nan, cigiyar jirgi kaɗai za mu bayar. Amma ki sani, da la'asar ake naɗe teku. Duk jirgin da mai shi bai karɓa ba, da shi ake naɗewa a kai sito. Wanda ya shiga sito kuwa, ko kibiyarsa ba a ƙara gani, balle mutanen ciki."

Ta miƙa takardar ta taga. Wani tarwaɗa a kan keke ya karɓa, ya saɓa lasifika ya shiga gari: "Jama'a ana cigiya! Jirgi ya ɓata, dogo, mai jan ciki, rumbu biyar! Wanda ya gani ya taimaka, don Allah don Annabi!"

Sai ga ni a ƙofar gidanmu.

Layinmu, wanda ko motar yashi ba ta iya shiga, ya cika da jirage. Arba'in cif. Kowanne ya cire angarsa, ƙugiyar ƙarfen da yake kafewa da ita a ruwa, ya ajiye a bakin zaure kamar takalmi, sun zazzauna a kan tabarmi cikin ladabi. Malam yana bi da butar shayi yana tsiyaya wa kowanne a bututun hayaƙinsa.

Da ya gan ni ya ce, "Hajiya, baƙinki ne. Kya ba da cigiya ba ki gaya min ba? Ga sukari ya ƙare tun a na goma sha biyu."

Na ce, "Ni ɗaya nake nema."

Wani jirgi mai ɗan tsatsa a haɓa ya yi gyaran murya, har tantabarun maƙwabta suka watse. "Hajiya, a yi haƙuri. Mun ji kamannin da aka faɗa, kowa ya ga shi ne. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, masana'anta ɗaya ta ƙera mu a shekara ɗaya."

Ban yarda ba. Na shiga ɗaki na ɗauko tef ɗin awon ɗinki na fara. Na farko ɗari da casa'in. Na biyu ɗari da casa'in. Na uku ya shanye ciki don in gan shi siriri, amma talatin da biyu ne. Rumbu biyar, biyar, biyar. Sai na tuna kowane jirgi yana da lambarsa guda bakwai da ba ya tarayya da kowa, ni kuwa na haddace tamu fiye da lambar wayata. Na zagaya bayansu in karanta, na tarar da wurin fayau. Lambobin duk sun sauko sun tafi shan inuwa a gindin darbejiya, sun cakuɗe, bakwai na yi wa tara kitso.

Rana ta riga ta karkata. Na ciro waya in sake dubawa. Ina dannawa koriyar kibiyar ta yi tsalle ta dire ƙasa, ta ruga cikin lungu kamar ƙadangare.

Na bi ta. Ni da gwiwata ba ta barina in tashi daga sallaya sai na dafa bango, na tsallake kwata uku da tulin yashi. A kan katangar makarantar firamare na cim mata, tana haki tana gyaɗa kai.

"Ke ce mai danna ni sau goma a wuni?" in ji ta. "Duk bayana ciwo yake."

"Yi haƙuri. Wanne ne namu a cikin arba'in ɗin nan?"

"Ni na sani? Hajiya, ni ba jirgi ba ce, sawu ce. Inda ya taka kwana tara da suka wuce, nan aka bar ni aka ce in tsaya. Ba wanda ya dawo ya ce min ci gaba. Ke kina kallona, ni ina kallonki, kowa na jiran ɗan'uwansa ya yi magana."

Sai ta ba ni tausayi. Na kwance bakin zanina na ba ta ɓarin goro.

Ta tauna, ta ce, "Kina da kirki. Je ki tambayi mai shiƙa."

Sai ga ni a cikin rumbun jirgi. Faɗinsa ya yi filin Idi. Alkama ce tsibi guda har sama, ƙurarta na walƙiya a hasken da ke shigowa ta bakin murfi. A ƙololuwar tsibin wata tsohuwa na zaune da faifai tana shiƙa, ƙaiƙayi na zubowa ƙasa, ƙwayar na tashi sama. Tun daga yadda ta karkata ɗankwali na gane ta. Inna ce, surukata, wadda muka binne shekara bakwai da suka wuce.

Na zube na durƙusa, alkama ta haɗiye ni har ƙugu.

"Inna, ina wuni? Ya... ya can?"

"Can lafiya lau. Tashi, 'yar nan, kada ki tsiro. Me kike nema a cikin abincin mutane?"

"Jirgi nake nema."

"Jirgi." Ta kaɗa faifai. "Jirgin ne kika yi wa naƙuda kwana biyu a ɗakina?"

Na sunkuyar da kai.

"Kin zaci ban gan ki ba duk shekarun nan? Da ya yi ƙyanda, wa ke zuwa bayan tagata tana sharar wurin da aka riga aka share? Sau huɗu a wuni, har ƙasar wurin ta yi rami. Tuwon da kike aiko min da tsoka uku fa, ni da ba ni da haƙori ko ɗaya? Wa kika zaci yana cinyewa, aljanu?"

"Inna, ai girmamawa ce."

"Girmamawa a gidanku. Ranar da ya ci jarrabawar makarantar jiragen ruwa kowa na guɗa, ke kika shige madafa kika ce albasa ce. Mu kuwa ranar ko albasa ba mu saya ba."

Na ce, "Inna, la'asar ta kusa. Za su naɗe teku. Ke da kika saba, ki kira shi mana."

Ta ajiye faifan a cinya. "Yana can ƙasa, ɗakin inji, ya toshe kunnuwa. Ba abin da ke ratsa ƙarar nan sai sunan yanka, shi ma sai daga bakin mai numfashi. Tawa muryar ta tsaya a nan." Ta dube ni da idon nan nata mai kamar faɗa. "Kunyata kika ji, na gani, na gode, Allah ya yi miki albarka. Kin yi ashirin da huɗu a gabana, kin ƙara bakwai a bayana, ba wanda ya roƙe ki ƙarin. To na sallame ki. Hau."

Ta sa faifai ta kwashe ni ta shiƙa. Na tashi sama tare da ƙwayar.

Na dire a kan murfin rumbu. Yanzu ba layinmu ba ne, teku ne shimfiɗe ko'ina, jiragen nan arba'in a jere kamar sahun salla, Malam a cikin wani ɗan kwalekwale har yanzu da butar shayinsa. Can gabas wasu tsofaffi biyu sun kama bakin teku sun fara naɗewa, suna hirar tsadar taki. Kifaye na tattara 'ya'yansu. Daga wani wuri na ji ladan yana hura lasifika, fuu, fuu, yana gwadawa.

Na cika ƙirji na ce, "Kai!"

Maza ɗari takwas da saba'in da tara suka leƙo ta tagogi, 'yan Indiya, 'yan Filifin, Turawa masu jan wuya, suka haɗa baki, "Na'am?"

Ba shi a ciki.

Na ce, "Ba ku ba. Yaron nan!"

Rabi suka koma. Sauran rabin, waɗanda iyayensu mata ke raye, suka tsaya suna gyara kwalar riga.

Tsofaffin suka iso jirgi na farko, suka naɗe shi kamar ɓawon gyaɗa a tabarma. Ko ƙara bai yi ba. Suka naɗe na biyu.

"Mai sunan Malam babba!" na ƙwala.

Sai wani kyaftin mai gemu ya ɗaga hula don girmama Malam babba, mahaifin Malam, ya mayar.

"Jikan Inna!"

Daga ƙarƙashin ƙafata muryar Inna ta fito ta cikin ƙarfe: "Jikokina goma sha tara ne, 'yar nan. Daina kewaye-kewaye, an naɗe na shida."

Na buɗe baki. Sunan yana nan inda na ajiye shi tun ranar suna, a ƙasan maƙogwaro, ya kafe kamar ƙayar kifi. Na yi tari. Na haɗiyi yawu. Na duba hagu na duba dama, idanu ko'ina.

Malam ne ya fara ganewa. Ya ajiye butar shayi, ya juya kwalekwalensa ya ba ni baya, ya shiga kallon wani gajimare kamar bai taɓa ganin irinsa ba. Da mai tsatsa a haɓa ya ga haka, sai ya raɗa wa na kusa da shi, na kusa ya raɗa wa na gaba. Ɗaya bayan ɗaya jiragen nan suka juya min baya, a hankali, da nauyinsu da alkamarsu, don kara. Mazan suka ja labulen tagogi. Rana ma ta sa gefen gajimare ta rufe fuska.

Ladan ya ja numfashi.

Na faɗa.

Na farko a raɗa ya fito, duk tsatsa. Na biyu ya fito da ƙafarsa. Na uku kuwa na sake shi da muryar da nake korar awaki daga shanya, har ruwa ya yi tattara. Kada ku sa ran zan rubuta muku shi a nan. Wancan mafarki ne.

Duk injinan suka mutu lokaci ɗaya. Tsofaffin suka tsaya da teku a hannu, suka duba takarda, ɗaya ya ce, "An karɓa," suka warware abin da suka naɗe suka tafi salla.

A jirgi na goma sha bakwai wata 'yar ƙofa ta buɗe. Ya fito cikin shuɗin kayan aiki, baƙin mai har gwiwar hannu, yana cire abin toshe kunne.

"Na'am?"

Ya duba sama, ya duba ruwa. Sannan ya gan ni. Ban san yadda aka yi ba, taku ɗaya na yi sai ga ni a gabansa. Ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa, ni ma na kalli nawa.

"Yaya, ke ce?"

"Malam ne ya aiko ni."

"Baba ga shi can yana kallon gajimare."

"To ai daga can ya aiko ni. Ina kuka shiga kwana tara, kuka bar mutane... kuka bar Malam ba ya barci?"

"Guguwa muka kewaye, Yaya. Kyaftin ya ce gara a daɗe a isa. Muna can kudu da inda kike dubawa. Jibi za mu fito inda sabis yake."

"Ni ba dubawa nake ba."

"Na sani."

"Jirgin nake dubawa."

"Na sani, Yaya. Lafiyarsa ƙalau. Yana cin abinci, yana salla a kan lokaci, haƙorin nan ma ya daina damunsa."

"To madalla. A gaya masa ya rame."

"Mai girkinmu ɗan Filifin ne. Bai san daddawa ba."

Akwai wani ɗigon baƙin mai a goshinsa, daidai tabon da ya samu da ya faɗo daga katangar Inna yana shekara shida, ranar da na tsaya a bayan ƙyaure na ciji hannuna ban fito ba. Na kama bakin zanina na goge masa. Man ya fita tun a shafa ta farko. Na ci gaba da gogewa. Shi ma bai ce ya isa ba.

Can ya ce, ƙasa-ƙasa, "Yaya, ɗazu inji na ƙara, ban ji sosai ba. Ko za a maimaita?"

"Ƙarya kake, ɗan nema. Ka ji."

"Wallahi rabi na ji."

Ya ɗago yana murmushi, haƙorin gaban nan mai ɗan karaya a waje. Na ce a raina, wanda ya riga ya jiƙe ba ya tsoron yayyafi. Na buɗe baki zan ƙara masa ɗaya, sai injin jirgin ya tashi a ƙarƙashinmu, tat, tat, tat-tat-tat, ƙarfe na rawa, ƙarar na ƙaruwa har ta cika teku.

Injin markaɗen maƙwabta ne. Masu koko sun kawo gero tun kafin assalatu.

Ina kwance a gadona, na cukuikuye gefen zanin gado a hannu. Malam yana zaune a bakin gadon da butar alwala, ya ba ni baya. Bai tashi ba, bai kuma juyo ba.

Ya ce, "Shekara talatin da uku, ban taɓa jin kin yi magana cikin barci ba."

Na ja bargo har hanci.

"Sau uku," ya ce. "Na ukun har kajin gidan Alhaji sai da suka amsa."

Na ja bargon ya rufe kaina gaba ɗaya. Injin markaɗe ya yi ta yi. Na ji Malam yana juya murfin buta, ya buɗe ya rufe, ya buɗe ya rufe. Sannan ya yi tambaya da wata murya da ban san shi da ita ba.

"Ya amsa?"

Daga cikin bargo na ce, "Ya amsa."

"To alhamdu lillahi."

Ya tashi ya fita. Ina jin sa a tsakar gida yana alwala, ya daɗe yana face hanci, fiye da yadda alwala take bukata.